Silifas ɗin Rabiou a Bakin Ramin Kunkuru

Ba mu gama karin kumallo ba muka hango matar nan tana tahowa ta kan rairayi, da malafa da kakin gwamnati, tana tafiya irin ta wadda aka ɓata wa rai. Ni na fara ganin ta, ina tsugune ina wanke tukunyar kunu a bakin ruwa. Na ce wa Daso, matar Malam Ɗalha, "Wannan ba gaisuwa ce ta kawo ta ba." Ai kuwa haka ne. Ko barka da asuba ba ta ce mana ba, ta tambayi wane ne shugaban tafiya, ta ce mu biyo ta mu ga abin da ɗayanmu ya aikata.

Bayan wani tudun rairayi ta kai mu. Akwai turaku da aka kafa aka zagaye da jan ƙyalle, da ragar waya da aka yaye aka jefar gefe, sai rami a tsakiya wayam. Ɗan ɓawon ƙwai ne kawai ya rage a ciki. Ita ce jami'ar da ke kula da tsibirin, kuma ramin na kunkurun teku ne. Uwar takan fito daga ruwa ta haƙa ta zuba ƙwai ta rufe ta koma, su kuma gwamnati su tsare wurin har 'ya'yan su ƙyanƙyashe. Wani ya zo ya kwashe ƙwan kaf. Tana magana, Malam Ɗalha yana juya mana da Hausa, fuskarsa duk ta sauya. Ya ce laifi ne na gwamnatin tarayya, har ɗauri ake yi a kansa. Ya ce ba wanda ya kwana a tsibirin sai mu. In mai laifin bai fito da kansa ba, sati mai zuwa jami'ai za su same mu a Greensboro, garin da muke zaune a Amurka, su ga kowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da takardunsa a hannu.

Da aka ce takardu sai aka fara kallon juna. Rabin mazan da ke tsaye a nan bizarsu ta mutu tun tuni.

Yadda muka je can kuwa, Malam Ɗalha ne ya ja mu. Bakano ne, yana karatun digiri na uku a jami'a, ya koyi tuƙin jirgin ruwa wajen wani abokin karatunsa. A daminar casa'in da bakwai ya tsaya a taron ƙungiyarmu ta Hausawan Greensboro ya ce shekara da shekaru muna ƙasar nan ba mu san ko'ina ba sai wurin aiki da masallaci, mu je mu ga teku ko sau ɗaya. Aka yi hayar jirgi na sati guda, irin mai tafiya da iska, mai doguwar sanda da farin ƙyalle, da wani tsohon Bature matuƙi da muke kira Kyaftin. Kullum mu yada zango a wani ɗan tsibiri. Mu mata muna kwana cikin jirgi, maza kuwa amai ya hana su sakat, sai suka riƙa kafa tanti a tudu.

Matar ta durƙusa ta ɗauki hoton sawun da ke bakin ramin. Sawun silifas ne, kuma a ƙafar hagu akwai wani ɗan karce kamar an ja tsinke. Ita ba ta san na wane ne ba. Mu duk mun sani. Igiyar silifas ɗin Rabiou ta tsinke tun ranar farko ya ɗaure ta da waya, har ana ta yi masa tsiya. Allah Ya taimake shi a lokacin ya bi Kyaftin cikin ƙaramin kwale-kwale ɗebo ruwan sha daga jirgi.

* * *

Rabiou ɗan Maraɗi ne, yana wankin motoci, mutum mai yawan dariya da ƙarancin wayo. Ba shi da ko takarda ɗaya. Matarsa Mounira muka baro a unguwar Glenwood da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. In aka miƙa sunansa, daga ɗauri sai jirgin sama zuwa Yamai, ita kuma a bar ta da jariri a ƙasar da ba ta ma iya tambayar hanya ba.

Yana dawowa da jarkokin ruwa aka yi masa caa.

"Kai Rabiou, yunwa muka bar ka da ita?" in ji Daso. "Shinkafa ce ba ka samu ba ko kifi, da za ka kwashe ƙwan kunkuru?"

"Wane ƙwai? Anti, wallahi ban san zancen da ake ba. Ni ko sallar asuba makara na yi."

"To takalminka ne ya tashi ya tafi shi kaɗai?"

Ya dubi ƙafarsa kamar yau ya fara ganin ta. Ya ce shi dai ya tarar da silifas ɗinsa a bakin tanti, da damshi, ya zaci raɓa ce.

Sai Alhaji Hassane ya yi gyaran murya. Shi ne shugaban ƙungiya, mai kantin kayan abincin gida da garejin tsofaffin motoci, mutumin Diffa. Yawancinmu shi ya tarbe mu ranar da muka sauka a garin nan, kuma gidajen da ake haya a Glenwood da sunansa aka kama su. Ya ce, "Yaro, kuskure ba a kanka aka fara ba. Ka amsa, mu san yadda za mu yi da iyalinka. Kada ka ja wa jama'a."

Rabiou ya fashe da kuka, ƙato da shi, a gaban mata. Raina ya ɓaci. Na juya na dubi maigidana, Malam Seydou, wanda tun da aka fara yake tsaye a gefe. Kafin mu zo Amurka, a Tanut, shi jandarma suke ɗauka in an saci raƙuma, ya bi sawu har ya kai su inda ɓarawo yake. Yanzu dawaki yake kiwo a wata gona a Summerfield. Na ce, "Malam, za ka tsaya kana kallo ne?"

Ya ce, "Kowa ya zauna inda yake. Kun riga kun tattake rabin wurin."

* * *

Na bi shi, don na san in ban bi shi ba ba zai gaya mini komai ba. Mutum ne da sai ka yi ta tono kafin ka samu kalma biyu. Ya tsuguna gefen sawun, ya juya bayansa ga rana, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira Rabiou ya ce ya taka rairayi kusa da tsohon sawun, ya yi 'yar tafiya ya dawo.

"Dubi nan, Tchima," ya ce da ni bayan ya sallame shi. "Na Rabiou dunduniya ta nutse har ƙarshen takalmi. Wancan fa?"

Na duba. A tsohon sawun nauyin a tsakiya ya tsaya, bayan takalmin kuwa ya ɗan ja ƙasa kawai.

"Takalmin ya yi masa yawa," in ji Malam. "Ƙaramar ƙafa ce a ciki."

Nan take na gane, har na ji haushin kaina da ban tuna ba tun farko. Wane ne a cikinmu yake neman nasa takalmin in ya fito da asuba? Silifas a bakin ƙofa na kowa ne. Haka ake yi a masallaci, haka ake yi a gidan biki, ka zura wanda ƙafarka ta samu ka je ka dawo ka ajiye. Na ce, "To ai shi ke nan, mu je mu faɗa musu."

"Mu ce musu me? Ba shi ba ne, amma ba mu san ko wane ne ba? Ba za su karɓa ba. Suna bukatar suna."

Muka bi sawun daga ramin ya gangara bakin ruwa, a nan ya ɓace, don teku ta cika ta sha wurin ta koma. Malam ya yi tsaki. Ya ce rairayin Tanut ba ya yi wa mutum haka.

Da muka dawo zango ya zauna yana shan shayi, idonsa a ƙasa, yana bin ƙafafun mutane da kallo. Daga baya ya raɗa mini cewa maza uku ne masu ƙaramar ƙafa, Malachy da Malam Ɗalha da Alhaji.

* * *

Ban san yadda aka yi Daso ta ji ba, amma kafin azahar zance ya koma kan Malachy. Shi nas ne a wani asibiti, mutumin Kafanchan, Kirista ɗaya tilo a tafiyar, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Yana da wata kula mai ƙanƙara da ba ya barin kowa ya buɗe, kullum tana ƙarƙashin kayansa. Mutane suka yi murna a ɓoye, don Malachy yana da girin kad, takardar zama na dindindin, in shi ne abin zai zo da sauƙi.

Malam ya same shi yana gyara ƙugiyar kamun kifi. Ni ina gefe kamar ina tsince shinkafa.

"Malachy, da asuba ina kake?"

"Ina barci, Baba Seydou. Ni ai ba ni da asuba." Ya yi dariya, da ya ga Malam bai yi ba sai ya bari. "Na ji abin da ake faɗa. An rasa wanda za a ɗora wa sai arne ko?"

"Ba wanda ya kira ka haka a gabana. Me ke cikin kular?"

"Abin da ba na so Anti Tchima ta gani."

"Na ga abin da ya fi shi," na ce. "Buɗe."

Ya buɗe. Gwangwanayen giya ne jere cikin ƙanƙara. Ya ce saboda kunyarmu yake ɓoyewa, sai ya zagaya bayan tudu yake sha. Ya rufe kular da ƙarfi ya ce, "Ni na yi ta ɗawainiya da masu amai a jirgin nan, ni na ba Alhaji maganin jiri da hannuna. Yau ni ne ɓarawon ƙwai. Na gode." Daga ranar bai sake cin abinci tare da mu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kyaftin ya ce da la'asar za a ɗaga, iska ta yi kyau. Malam ya ce mini mutum ba ya tafiya cikin ruwa har abada, dole ya fito a wani wuri. Muka bi gaɓa yana duban inda busasshen rairayi ya fara. Can gaba, inda ba wanda ya je a cikinmu, sawun mai karce ya hau tudu ya shiga wani kwari tsakanin ciyayi, inda iska ba ta kaiwa.

Malam ya tsaya cak ya ce, "Inna lillahi."

Ko ni da ban iya karatun ƙasa ba na karanta wannan. Ga inda aka tuɓe silifas aka jera su. Ga inda aka ajiye wani ƙunshi mai nauyi. Ga tafin hannu biyu da aka buga a ƙasa don taimama. Sai sawun ƙafa biyu tsirara, gajeru, da gurbin gwiwoyi, da gurbin goshi da hanci. Mutumin ya kwashe ƙwan, ya ga gari na wayewa, ya ajiye kayan satarsa a gefe ya yi sallar asuba.

"To Malachy ya fita," na ce.

Malam ya tsaya a bayan sawun, ya miƙa hannu ta inda goshin ya nufa, ya dubi rana, ya sake duban hannunsa. Ya tsinke wani kara ya kwantar a ƙasa ta wannan fuskar. Sai ya ce in je in kira masa Malam Ɗalha shi kaɗai, ya zo da ɗan agogon nan nasa mai nuna alƙibla.

Bai bari ya ƙarasa cikin kwarin ba, a bakin tudu ya tare shi. "Malam Ɗalha, nuna mini gabas ta salla daga nan."

Malam Ɗalha ya ɗora abin a tafin hannu ya nuna arewa maso gabas, yadda muke yi a masallacin Greensboro.

"In mutum ya fuskanci can fa?" Malam ya nuna kudu maso gabas.

"Ai wannan tsohuwar rigima ce, Baba. Masu duba taswirar bango suna ganin Makka tana ƙasa da Amurka, sai su karkata kudu. Amma duniya a dunƙule take, hanya mafi kusa ta arewa ta bi. Na gaji da bayanin nan. Akwai wanda har gobe..." Ya dubi Malam, ya dubi kwarin da ke bayansa. "Baba, ni ban ce komai ba."

"Ni ma ban tambaye ka kowa ba," in ji Malam.

* * *

Sauran kwanakin tafiyar, Allah Ya kiyaye mu da irinsu. Muka wuce tsibirai masu kyan gaske, wani da dawakan daji suna kiwo a bakin ruwa, wani da doguwar hasumiyar fitila, kifaye manya suna tsalle a gefen jirgi, Kyaftin yana ta nuna mana da hannu, ba mai ɗaga kai. Rabiou yana zaune can gaban jirgi shi kaɗai. In ya zo ɗaukar abinci sai hira ta mutu. Alhaji kuwa shi ke jan mu salla, ya fuskanci inda Malam Ɗalha ya nuna, ya idar ya yi doguwar addu'a Allah Ya rufa mana asiri.

Na matsa wa Malam ya yi magana. Ya ce bai taɓa kiran sunan mutum a kan zato ba, sai ya ga abu ɗaya tukuna. Na ce kafin ka ga abu ɗayan nan yaron mutane ya mutu da baƙin ciki. Ya juya mini baya.

Washegarin da muka dawo Greensboro ya ce in shirya mu je McLeansville duba Hajiya Ruqayya, matar Alhaji. Tun bara ɓarin jikinta ya shanye, lokotoro sun yi iya yinsu. Gidan yana can shi kaɗai tsakanin gonaki. Alhaji ya tafi kanti, sai mai jinyarta ta buɗe mana. Hajiya tana kwance a falo, ta rame, bakinta ya karkace, amma ta gane mu ta yi murna. Mace ce ta kirki, ita ta yi mini wankan jego a ƙasar nan da ba ni da kowa.

Bayan gaisuwa Malam ya ce zai yi nafila. Hajiya ta nuna masa ɗakin Alhaji da hannunta mai lafiya. Na leƙa ta bayansa. Dardumar tana shimfiɗe a karkace, ta bar kusurwar da kowa ke bi ta dubi kudu maso gabas, har kafet ya yi shaida a wurin saboda daɗewa.

Da za mu tafi Hajiya ta riƙe mini zane. Da kyar maganar ke fita. "Tchima, teku da kyau? Alhaji ya ce zai zo mini da magani daga can. Wani malami a Diffa ya faɗa masa ta waya. Ya dawo ya ce bai samu ba."

Na ce mata Allah Ya kawo sauƙi. A mota na yi kuka, kuma har yau ban san ko don wa na yi ba.

* * *

Washegari aka taru a gidan Malam Ɗalha a Glenwood bayan la'asar, duk wanda ya je tafiyar, har Malachy da ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama. Mounira ma ta zo, ta zauna kusa da ni tana numfashi sama-sama. An zo ne a sa Rabiou ya amsa.

Malam ya bari Alhaji ya gama nasiharsa, sannan ya ce yana da magana. Bai ɗaga murya ba. Ya faɗi zancen takalmin da ya yi wa mai shi yawa. Ya faɗi ƙananan ƙafafu uku. Ya faɗi kwarin da aka yi salla, ya ce wannan ya fitar da Malachy. Ya ce goshin mai sallar kudu ya duba, wannan ya fitar da Malam Ɗalha, wanda ya fi kowa faɗa a kan alƙibla.

"A cikin jam'i yana bin liman," in ji Malam. "In shi kaɗai ne yana bin ransa. Alhaji, jiya na yi nafila a kan dardumarka."

Ba wanda ya motsa. Daso ta rufe baki da mayafi. Na zaci Alhaji zai musa, ko ya yi rantsuwa. Sai ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Ni ne," ya ce. "Ƙwai ne fa, jama'a. Ƙwan dabbar ruwa. A bakin kogin Komadugu muna yara mukan haƙo irinsa ba wanda ya ce mana kanzil. An ce in ta sha zai tayar da ita. Wane ne a nan matarsa za ta kwanta shekara guda a ce masa ga magani a ƙasa ya tsallake?"

"Ina ƙwan?" in ji Malam Ɗalha.

"Na zuba a ruwa da matar nan ta tafi."

"Ka kuma tsaya ka ce yaron nan ya amsa!" Ni ce na faɗa, ban san lokacin da na miƙe ba. "Ka ja mu salla kana kallon sa yana kuka! Haba Alhaji, ba ka ji kunyar Allah ba?"

"Zauna, Tchima," in ji wani daga cikin maza. Wani ma ya ce in zauna. A nan na fara gane inda aka dosa.

Alhaji ya ce wata mai zuwa zai yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. In wannan laifi ya hau kansa, rantsuwa ta tafi, watakila har girin kad. In aka fara bincikensa za a bi gidajen da ya kama da sunansa a ga su wa ke ciki, a bi gareji a ga su wa ke aiki. Bai yi barazana ba, lissafa musu kawai ya yi, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Hajiya kuma wa zai bar wa?

Sai ga mutanen da ɗazu suke salati sun koma shawara. Wani ya ce ai Rabiou ko ba wannan ba, ranar da aka tare shi a hanya tafiya zai yi. Wani ya ce ba sai an kama shi ba, ya bar gari kawai, a ba da sunansa bayan ya yi nisa, Amurka da faɗi. Ga hoton sawun takalminsa a hannun hukuma, magana ta ƙare a nan, ba mai zuwa ya duba takardun kowa. Alhaji ya ce shi zai riƙe Mounira da abin da za ta haifa. Daso, wadda ta fi kowa zagin Rabiou a tsibiri, ita ce ta ce wallahi wannan ita ce maslaha.

Malachy ya ce, "Allah Ya isa tsakanina da ku," ya fita ya bugo ƙofa. Malam Ɗalha ya sunkuyar da kai yana wasa da agogon hannunsa.

Malam ya miƙe ya ce, "Ni gobe zan buga wa matar nan waya. Abin da na gani shi zan faɗa."

Wanda ya tare shi a bakin ƙofa ba Alhaji ba ne. Rabiou ne. Ya durƙusa ya kama ƙafarsa.

"Baba Seydou, don girman Allah kada ka buga. Ka wanke ni, na gode, Mounira ta ji da kunnenta ba ni ba ne, ya ishe ni. Amma in Alhaji ya faɗi, ɗakin da take ciki da sunansa yake. Su zo su same ta, su same ni, su sami kowa. In na tafi ni kaɗai na tafi."

"Sunanka zai ɓaci a takardar hukuma har abada. Ba za ka taɓa samun zama a ƙasar nan ba."

"Da ma ban samu ba, Baba."

Mounira ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

* * *

Da safe mu muka kai shi tashar bas, ni da Malam. Ba wanda ya zo rakiya, ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya rufa wa asiri. Mounira ta so zuwa, ƙafafunta sun kumbura ba ta iya ba. An kwana ana ruwa, filin tashar duk taɓo. Rabiou ya sauka da jakarsa guda, ya leƙo ta taga ya ce, "Anti, in ta haihu ki yi mata wanka yadda ake yi a gida." Na ce to. Ya ce, "Baba, ba ka tambaye ni inda za ni ba."

"Kada ka faɗa mini," in ji Malam.

Motoci suna jere, kowace da sunan garinta a goshi. Rabiou ya juya ya nufe su, takalminsa yana nutsewa cikin taɓo. Ni na bi shi da ido ina share hawaye. Da na waiwayo sai na ga Malam ya kifa goshinsa a kan sitiyari, ya runtse ido gam.

Na ce, "Malam, ko hannu ba za ka ɗaga masa ba?"

Ya ce, "Jami'ai za su zo su tambaye ni inda ya nufa, Tchima, kuma ni ban iya ƙarya ba. In ya shige ki gaya mini in buɗe ido."